Ɗan Farin Adda Zulaihatu

Yayata Adda Zulaihatu ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba. Wanda ya tashi a cikinmu ba zai ga abin mamaki a nan ba. Mu Fulani ne, ko da yake mun daɗe da zama wuri ɗaya a Gidan Modibbo, wani ɗan ƙauye a gefen hanyar Kiyawa zuwa Dutse, muna noma muna kiwo, har fillancin ya fara guje wa bakin yaranmu. Amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in aka ce ɗanta ne sai ta sunkuyar da kai kamar an kama ta da laifi. Sauran mata suna yi suna ɗan sassautawa. Adda kuwa in ta riƙe abu sai ta ƙure shi.

Ana yaye Tasi'u aka kai shi ɗakin mahaifiyarmu, Nenne. Ni ce autar Nenne, ban girme shi da wani abin kirki ba, don haka tare muka tashi, ƙwaryarmu ɗaya, tabarmarmu ɗaya, in duka ya tashi ma tare muke sha. Ya ji ina cewa Adda, shi ma ya kama cewa Adda, Nenne kuma ita ce uwa a wurinsa. Ita Adda in dole ta sa ta yi zancensa sai ta ce "na Nenne". Na Nenne ya dawo? Na Nenne ya rame. Har Nenne ta rasu, har ya yi gemu, bai tashi daga na Nenne ba.

Da aka ba mu jiha, Dutse ta zama babban gari, Tasi'u ya tattara ya koma can ya koyi gyaran rediyo. Kunne ne da shi kamar na zomo. Rediyo tana fara shaƙewa zai gaya maka abin da ke damunta tun bai kwance ta ba. Ya kama ɗaki a gidan da wani George yake haya, mutumin Filato, direban motar ma'aikatan lafiya, suka shaƙu sosai. Duk ranar da zan shiga Dutse, Adda za ta miƙo mini kwanon man shanu, wanda ya fi kyau, tana kallon wani wuri, ta ce, "Ki kai wa mutanen Dutse." Mutanen Dutse! Sai ka ce garin kaf za su taru su lashe kwano ɗaya. Shi ma ya ba ni wata ƙaramar rediyo ya ce in ajiye a gidan Adda. Ta ce in ajiye can, ita me za ta yi da ita. Daga ranar rediyon nan ba ta sake hutawa ba.

Wata rana ina zaune a rumfarsa, yana ta tsokanata kamar yadda ya saba, sai ya ce, "Inna Bilki, kin san abin da nake so in ji?"

Na ce, "Kuɗin man shanuna da ba ka taɓa biya ba."

Ya yi dariya. Ya ce, "Sunana a bakin Adda. Sau ɗaya kawai, in ji yadda yake fita."

Na ce masa ya nemi wani aikin. Muka yi dariya, ya ci gaba da gyaransa, amma na ga ba wasa yake yi ba.

Sai shekarar sanƙarau ta zo. Bayan azumi ne, bazara ta kankama, zafi ya yi zafi har ganyen dabino ba ya motsi. Mutum zai kwana lafiya, ya tashi da ciwon kai, kafin la'asar wuya ya sanƙare. Makara ba ta huta ba a ƙauyukan da ke kewaye da mu. Ranar nan sai ga mota da lasifika daga ƙaramar hukuma, ana shela da sunan kantoma. Kowa ya zauna a gidansa. Ba cin kasuwa, ba biki, ba taron suna, ba zaman makoki. Ba shiga wani gari ba fita. Wanda aka kwantar a wurin jinya, mutum ɗaya ne zai zauna da shi, kuma sai uwa ko uba, ko miji ko mata. Aka kawo durom biyu aka gitta doguwar gora a mahaɗar hanyarmu da titi, aka zaunar da wani ɗan sanda, Kofur Boaz, da bencinsa a gindin darbejiya.

Ban ce dokar ba ta da amfani ba. Na ga yadda ake zuwa gaisuwar mutum ɗaya a koma a binne uku. Amma wanda ya tsara ta bai taɓa zama da irin Adda ba. A da, in ɗan fari ya kwanta, uwa tana da hanyarta. Mata za su yi gayya su tafi dubiya, ita kuma ta bi bayansu kamar 'yar rakiya, ta zauna can bakin ƙofa, ta gan shi ya gan ta, ba wanda ya ce komai. Dokar nan ta kwashe 'yan rakiya duka, ta bar uwa ita kaɗai a fili.

Wata rana da hantsi aka aiko daga shinge wai wani direba yana neman gidan su Tasi'u. Mijin Adda da mijina duk sun yi kudu da shanu tun kaka, ba wanda ya san inda suka sauka. Na tsallaka dangar da ke tsakaninmu na jawo Adda muka fita. Mazan gari, da yake ba kasuwa ba gona, kowa yana zaune a ƙofar gidansa ya zuba wa titi ido. Gidan da ya fi kusa da shingen kuwa na Baffa Idirisu ne, wan mijin Adda, wanda ko inuwarsa ba ta takawa.

George yana tsaye a wancan gefen gorar, motarsa tana kunne. Ya gane ni. Ya ce, "Bilki, Tasi'u ne. Jiya na kai shi da kaina. An mai da wata makaranta wurin jinya, mutane har gindin bishiya. An yi masa allura, amma ma'aikata ba su da yawa, ba mai ba shi ruwa, ba mai juya shi. Ni ina kan hanya kullum. Yana ta kiran Adda."

Na ga yatsun Adda sun damƙe gefen mayafi.

Kofur Boaz ya taso. Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya. Mutum ne da rana ta dafa, an yi masa ƙarya tun safe har ya daina gane fuskar mai gaskiya. Ya ce, "Wace ce uwarsa a cikinku?"

Na yi caraf na ce, "Ni ce."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya ce wa George, "Yaron shekararsa nawa?" George ya ce ai babban mutum ne da gemunsa. Kofur ya ce, "Baiwar Allah, a zanen goyo kika haife shi?"

Na ce, "To ga uwarsa nan. Wallahi ita ta haife shi."

Nan George, da zuciya ɗaya, ya ɓata komai. Ya ce, "A'a, ai mamansa ta rasu, Nenne. Shi ya gaya mini, har na yi masa gaisuwa. Adda yayarsa ce."

Na fara bayani, ina haɗa wannan da wancan, yaye, riƙo, kunya, duk a numfashi ɗaya. Kofur ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Jiya wata ta ce mijinta ne a kwance, ashe awara za ta kai tasha. Ba na son dogon labari." Ya juya wajen Adda, ya rage murya. "Mama, ke nake tambaya. Mene ne sunan yaron, kuma mece ce ke a wurinsa? Ki faɗa da bakinki in ɗaga miki gorar nan yanzu."

Na ga Baffa Idirisu ya yunƙura daga kan buzunsa, ya juya baya, zai shige gida don ya ba ta wuri. Tsoho ne, kafin ya lalubo sandarsa an jima. Adda ta ga motsinsa, ta ɗauka ko ita ta tashe shi. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Ta ce, da wata 'yar murya, "Na Nenne ne."

Kofur ya ce, "To, kin ji." Ya koma bencinsa.

Adda ta juya ta kama hanyar gida, tafiyarta ta kullum, ba sauri ba sanɗa. George ya tsaya yana kallona, ya rasa abin da ya faru. Ya ce akwai marasa lafiya a bayan mota, ba zai iya jira ba, gobe zai sake biyowa. Na tsaya ina kallo har motar ta ɓace a bayan duwatsu.

Ni ba a san ni da haƙuri ba, ranar kuwa ko ɗan wanda nake da shi ya ƙare. Na iske ta a tsakar gida ta zauna tana kaɗa nono, nonon da ba mai saye tunda an rufe kasuwa. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar.

Na ce, "Adda, ɗanki yana can a ƙasa kamar wanda ba shi da kowa, ke kina nan kina fid da man shanu! Wa za ki ba? Mutanen Dutse?"

Ba ta ɗago ba.

Na ce, "Kunyar wa kike ji? Baffa Idirisu bai san ke kika haife shi ba? Ba shi ya yanka ragon suna ba? In yaron nan ya mutu yau, kunyar ce za ta yi masa sutura?"

Hannunta ya tsaya. Ta daɗe tana kallon cikin ƙwaryar. Sannan ta ce, "Bilki, ke ba ki sani ba. Ranar da aka ɗauke shi daga bayana, nonona yana zuba, Nenne ta ce in ina so ya rayu in kau da idona daga kansa, kada mutane su ga inda zuciyata take. Na kau da kai. Ya yi ƙyanda ya tashi. Ya faɗo daga kan kuka ya tashi. Duk wanda na goya na yi wa rawa a tsakar gidan nan, kin san inda biyu daga cikinsu suke." Ta yi nuni da haɓa wajen maƙabarta. "Shi kaɗai ne ban nuna ba. Da na buɗe baki ɗazu, sai na ji kamar in na faɗa, na miƙa shi."

Na ce wannan ba addini ba ne, rai a hannun Allah yake. Ta ce ta sani. Ta fi ni sani, don ita ta koya mini salla. Amma sanin bai sa bakin ya buɗu ba. Haushina ya bi iska, tausayinta ya kama ni, na zauna a kan turmi na yi kuka ni kaɗai, ita ko ɗigo.

Da la'asar ta ɗauko rediyon nan ta kunna. Lokacin ana karanta sanarwar rasuwa, a kwanakin nan kuwa sanarwar ba ta ƙarewa. Ta kara ta a kunne, duk sunan da aka fara sai ta riƙe numfashi har a kai ƙarshensa. Da aka gama ta kashe, ta tashi ta jiƙa gero. Na bar ta tana daka, ita da ta daɗe da barin daka ga yara.

Washegari da sassafe na ji ƙarar ƙyauren gidansu. Na leƙa ta kan danga, sai na gan ta da ƙwarya a ka, an rufe da faifai, da tabarma a hammata. Na bi ta ko takalmi ban tsaya nema ba. Maza sun idar da salla ke nan, kowa a ƙofar gidansa kamar yadda doka ta ce, Baffa Idirisu yana kan buzunsa da carbi. Kofur Boaz yana wanke fuska da ruwan buta.

Adda ba ta jira an tambaye ta ba. Ta tsaya a gaban gorar, ta sauke mayafin daga fuskarta.

Ta ce, "Sunansa Tasi'u. Ni na haife shi. Ɗana ne na fari."

Ta faɗa da ƙarfi, fiye da yadda ake bukata. Na tabbata har gidan ƙarshe an ji. Baffa Idirisu ya sunkuyar da kai, carbin ya tsaya a hannunsa. Tun ina yarinya nake kiran sunan nan, amma ban taɓa jin sa haka ba.

Kofur ya ajiye butar. Ya dube ta, ya dube ni. Ya ce, "Mama, me ya sa jiya ba ki faɗa ba?" Ya ɗaga gorar da kansa, ya goge bencinsa da hula ya ce ta zauna. Ta zauna, ƙwarya a cinya, har rana ta ɗaga.

Da George ya iso na riga kowa zuwa jikin motar, gora a tsakaninmu. Ya ce, "Yana da rai. Jiya har yamma yana magana. Duk takun da ya ji ya nufo shi sai ya ce, Adda ce? In na ce masa tana hanya sai ya ce to. Yau dai da na leƙa bai amsa mini ba, amma idonsa biyu." Ya buɗe mata gaba, ta shiga. Ba ta waiwayo ba.

Daga nan sai zaman jira. Ban san zaman gida azaba ba ne sai a lokacin. Ka share tsakar gida, ka sake sharewa, ka leƙa titi, ka dawo. In George ya biyo sai ya ɗaga mini hannu daga nesa ya ce da sauƙi. Wata rana ya ce ya sha fura. Wata rana ya ce ya zauna da kansa. Na yi ta godiya ga Allah, ban lura ba cewa George yana faɗa ne yana kallon sitiyari.

Sai da aka yi ruwan farko, ciwon ya lafa, aka kwashe durom aka buɗe hanya, sannan suka dawo. Tasi'u ya fito daga mota ya rame kamar kara, yana dafa kafaɗar Adda, a gaban kowa, ita kuma ta riƙe masa ƙugu. Na ruga ina kiransa, ina zaginsa irin na wasa, ina cewa ya ba mu wahala. Ya yi mini murmushi, yana kallon bakina.

Adda ta ce, "Ba ya ji, Bilki. Ciwon ya tafi da kunnen."

Daga baya ta ba ni labari, muna tsince wake, ba ta ɗago kai ba. Ta ce ta same shi a barandar wani aji, a kan tabarma, fuskarsa tana kallon bango. Ta durƙusa a bayansa ta kira shi. Bai juyo ba. Ta ɗauka fushi yake yi, ta sake kira. Ta kira har matar da ke jinyar mijinta a kusa ta ce, baiwar Allah, tun asuba ake yi masa magana ba ya amsawa. Sai da ta dafa shi ya juyo, ya gan ta, ya ce, "Adda, kin zo." Ma'aikatan sun ce haka ciwon yake yi wa wasu, ko da ta zo da wuri ba lallai ne ta hana ba. Ta ce ta yarda. "Amma da na zo jiyan, da ya ji."

Rumfar gyaran rediyo ta tashi. Ya dawo Gidan Modibbo, ya koma gyaran fitila da kekuna a ƙofar gida. Adda kuma tun daga ranar bakinta bai sake rufuwa ba. Tasi'u ga tuwo. Tasi'u rana ta yi, ka koma inuwa. Tasi'u, Tasi'u, daga safe har yamma, a gaban surukai, a gaban baƙi, tana magana da bayansa. Matan gari suka yi ta gulma wai Zulaihatu ta zubar da kunya da tsufanta. Wadda ta faɗa a gabana ba ta sake ba.

Wata rana da yamma ina gidan, yana zaune yana manna facin taya. Adda ta fito daga ɗaki da ƙwaryar fura ta kira shi, daidai lokacin da ya ɗago kai. Ya tsaya yana kallonta. Ya juyo wajena, ya yi magana da ƙarfi, yadda yake yi tun da ya daina jin kansa.

"Inna Bilki, me Adda take cewa? Kullum in na waiwayo sai in ga bakinta yana yin abu ɗaya."

Na nuna ƙirjinsa da yatsa.

Ya ajiye tayar a hankali. Ya ce, "Ki ce ta sake."

Adda ta riga ta ji. Ta ajiye ƙwaryar, ta matso ta durƙusa a gabansa, ta faɗa. Ya zuba wa bakinta ido. Ta sake faɗa, har jijiyar wuyanta ta tashi. Ya kai kunnensa kusa, ya jira, ya ɗago.

Ya ce, "Inna Bilki, ke da kika ji, yaya yake fita?"

Duk garin nan an san ni da baki. Na buɗe shi, ban sami abin da zan gaya masa ba.